Idan McCaffrey ya faɗi, wa zai ɗauki ƙwallon?

A ƙwallon Amurka ni ɗan San Francisco 49ers ne, kuma ƙungiyar nan ta saka mini wata ɗabi'a. Duk lokacin da aka fitar da jerin 'yan wasa a ƙarshen watan Agusta, ba na ɓata lokaci a kan sunan farko cikin masu gudu da ƙwallo. Na biyu nake dubawa, sai na uku, sannan in leƙa rukunin 'yan atisaye ko akwai wani na huɗu da ya daɗe a gidan har ya haddace dabarun koci. Na farkon ai kowa ya san shi, Christian McCaffrey ne, kuma babu mai gardama a kan iyawarsa. Abin da babu wanda zai iya rantse maka a kai shi ne ko ƙafafunsa za su kai shi watan Janairu.

Ga wanda bai saba da wasan ba, mai gudu shi ne wanda ke tsayawa a bayan kwatabak, wato jagoran 'yan gaba mai jefa ƙwallo. Ana fara wasa sai kwatabak ya juyo ya danna masa ƙwallo a ciki, shi kuma ya sunkuyar da kai ya kutsa tsakanin ƙarti goma sha ɗaya da babu abin da ke gabansu sai su kai shi ƙasa. Kusan duk gudun da zai yi da karo yake ƙarewa. Wani ya daki cinyarsa da kafaɗa, wani ya cafko idon sawunsa, wasu biyu su faɗo masa a gadon baya. Ya tashi ya kaɗe jiki, bayan daƙiƙa arba'in a sake. Babban mai gudu yakan yi haka sau ashirin ko fiye a wasa ɗaya, kuma tun 2021 wasanni 17 ake bugawa a kaka kafin ma a shiga zagayen kifa ɗaya ƙwala. Saboda haka a wannan gurbi ba a tambayar ko mutum zai ji ciwo. Ana tambayar yaushe, kuma wa ke tsaye a bayansa.

Kakar 2024 ita ce ta fi nuna mini wannan. McCaffrey ya shigo ta a matsayin gwarzon 'yan gaba na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka: a 2023 ya gudu yadi 1,459, ya ci tacdawun 21, wato kai ƙwallo bayan layin ci na abokan karawa, ya kai mu Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi, a Las Vegas inda Kansas City ta doke mu 25 da 22 a ƙarin lokaci. A watan Yuni aka ƙara masa kwantiragi na shekara biyu a kan dala miliyan 38. A takarda kuwa bayansa cike yake da mutane: Elijah Mitchell, Jordan Mason, sabon yaro Isaac Guerendo da aka ɗauko daga jami'ar Louisville a zagaye na huɗu na zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi duk shekara, da Patrick Taylor. Mutum biyar a gurbin da mutum ɗaya ke bugawa a lokaci guda. Wa zai ce wannan bai isa ba?

Tun kafin a buga wasa ko ɗaya Mitchell ya fita, tsokar bayan cinya ta cinye masa kakar gaba ɗaya. McCaffrey kuma tun farkon Agusta aka ce sha-raɓarsa na damunsa, bai buga wasannin share fage ba, amma maganar da ke fitowa ita ce lallaɓa shi kawai ake yi. Daren Litinin 9 ga Satumba za mu buɗe kaka da New York Jets a Santa Clara. Sunansa yana cikin rahoton rauni a sahun waɗanda ake shakka, an rubuta sha-raɓa da agara, amma kusan kowa ya sa a ransa zai fito. Saura minti 90 a fara, lokacin da doka ta ce kowace ƙungiya ta miƙa sunayen waɗanda ba za su sa riga ba, sai ga sunan McCaffrey a ciki.

Jordan Mason, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a 2022 lokacin da ya fito daga Georgia Tech, shi aka tura. An ba shi ƙwallo sau 28, ya gudu yadi 147, ya ci tacdawun ɗaya, muka ci 32 da 19. Yana gudu kamar mai jin haushin ƙasa, ba ya kauce wa mutum in zai iya bi ta kansa. Bayan wasa aka tare shi da makirfo, cikin murna ya ce tun ranar Juma'a aka gaya masa shi zai fara. Nan fa magana ta tashi, domin in tun Juma'a aka sani, me ya sa rahoton ya bar mutane cikin shakka har daren Litinin? Koci Kyle Shanahan ya ce ba a yanke shawara ba sai ranar wasan, hukumar NFL kuma ba ta hukunta kowa ba. Kwanaki kaɗan bayan haka aka sa McCaffrey a jerin majinyata. Ashe kumburin agara ne, kuma a ƙafa biyu. Har Jamus ya je ganin ƙwararre. Wasa takwas suka wuce shi, sai 10 ga Nuwamba ya dawo a Tampa.

Ranar 1 ga Disamba a Buffalo, cikin dusar ƙanƙara, aka ƙarasa mu. McCaffrey ya fara wasan da kyau, kana ganin tsohon saurinsa. A wani gudu mai tsawo aka taɗe shi ya dira a kan gwiwa. Can kuma aka wurga masa ƙwallo ta gefe, ya ɗan taka, sai kawai ya sulale ƙasa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Duk mai kallon wasan nan ya san abin da hakan ke nufi: ɗan wasan da ya zaɓi ya kwanta da kansa ya riga ya ji abin da ya ji. Jijiyar bayan gwiwa ce, kaka ta ƙare, wasa huɗu ke nan ya buga. A wannan daren dai Mason ya yi mummunan targaɗe a idon sawu, shi ma ya tafi jerin majinyata da yadi 789 a hannunsa. Aka ci mu 35 da 10. Na ɗaya, na biyu da na uku duk sun tafi. Guerendo ya karɓa, ya ci tacdawun biyu a kan Chicago mako na gaba, shi ma jiki ya fara yi masa gardama, har aka gangaro kan Taylor. Muka ƙare da nasara 6, rashin nasara 11. Ba masu gudu kaɗai suka jawo wannan ba, raunuka sun ci wasu gurabe da dama a shekarar, amma nan ne ramin ya fi fitowa fili.

Bari in tsaya a kan rahoton raunin nan, don shi ne ke tayar wa magoya baya hankali kowane mako. In wasa ranar Lahadi ne, ƙungiya takan fitar da rahoto Laraba, Alhamis da Juma'a, ta faɗi wanda bai yi atisaye ba, wanda ya yi rabi, da wanda ya yi cikakke. Ranar Juma'a sai a raba masu ciwon gida uku: wanda ba zai buga ba, wanda da wuya ya buga, da wanda ake shakka. Da can akwai gida na huɗu, na wanda ake kyautata zaton zai buga, amma a 2016 aka soke shi. Tun daga nan gidan shakka ya zama rumbu, ana zuba mai ɗan ciwon yatsa da wanda ko tsayuwa ba ya iya yi duk wuri ɗaya. Tsarin ya samo asali tun shekarun 1940, don kada 'yan caca su riƙa sayen labari a ɓoye, kuma tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a 2018 idanu suka ƙaru a kansa. Hukumar takan yi hukunci wani lokaci. A 2023 ta ci tarar Atlanta Falcons dala 75,000, kocinsu Arthur Smith kuma 25,000, saboda ba su bayyana cewa Bijan Robinson ba shi da lafiya ba kafin wasansu da Tampa, inda sau ɗaya tak aka ba shi ƙwallo ya gudu.

Kociyoyi suna son duhun nan, ba shakka. In abokin karawa bai san ko McCaffrey zai fito ba, dole ya ɓata rabin makonsa yana shirin tarar mutumin da ƙila ma yana gefe da hular sanyi. Amma ba na cikin masu cewa kullum ƙarya ake yi mana. Karaya tana da kalanda: likita ya duba hoto ya ce mako shida ko takwas, kowa ya kama gabansa. Agara da tsokar cinya ba su da ita. Mutum ya tashi Alhamis garau, ya yi gudu, Juma'a da safe ya kasa taka ƙasa. Kuma a ganina wannan rashin tabbas ɗin ya fi cutar da ƙungiya fiye da raunin da aka san iyakarsa. Duk wanda aka sa a jerin majinyata sai ya rasa aƙalla wasa huɗu, kuma adadin waɗanda za a iya dawo da su daga jerin a kaka ƙayyadadde ne. In kuma ba a sa shi ba, yana nan ya tare gurbi ɗaya cikin 53 da aka yarda ƙungiya ta riƙe ba ya bugawa. Ga kuma tsarin wasa da kociyoyi ke zanawa Litinin da Talata: don wa za a zana shi? Wa za a bai wa atisaye tare da 'yan sahun farko ranar Laraba? Na biyun da ya yini yana kallo a gefe duk mako, sannan a ce masa shiga saura minti 90, ba daidai yake da wanda aka shirya tun farkon mako ba.

Akwai masu cewa duk wannan damuwar banza ce, wai a tsarin Shanahan ko wa ka sa zai gudu. Ba daga sama suka ɗauko maganar ba. Mahaifinsa, Mike Shanahan, shi ya kafa hujjar a Denver tare da kocin layin gaba Alex Gibbs da kocin masu gudu Bobby Turner. Terrell Davis, wanda aka ɗauka a zagaye na shida a 1995, ya gudu yadi 2,008 a 1998. Shekara na zagayowa gwiwarsa ta tsinke a wasa na huɗu, aka sa Olandis Gary ya haura yadi dubu. A 2000 Mike Anderson, tsohon sojan ruwa, ya yi 1,487. Clinton Portis ya zo ya haura 1,500 shekara biyu a jere, sai suka miƙa shi ga Washington a 2004 suka karɓi mai tsaron baya Champ Bailey, kuma a wannan shekarar Reuben Droughns ya haura dubu. Tatum Bell ma ya yi a 2006. Mutane suna canzawa, yadi yana nan.

Dalilin yana cikin yadda ake gudun. Ƙartin layin gaba su biyar ba sa tunkarar mutum gaba da gaba, duk sai su zabura gefe guda tare, su ja 'yan tsaro su bi su. Mai gudu ya nufi gefen fili a karkace, idonsa a kan ɗan tsaro na ƙarshe. In wancan ya makale ciki, sai ya zagaye ta waje. In ya yi waje, sai ya dubi na kusa da shi, ya kafa ƙafa ɗaya a ƙasa ya yanke ciki ta kafar da ta buɗe. Yankan sau ɗaya ne, ba a rawa, ba a tsayawa tunani. Wanda ke da ido da biyayya zai samu yadi huɗu ko biyar ko da ba shi da suna. Kyle ya gaji wannan, har da Bobby Turner ɗin. Raheem Mostert, wanda ƙungiyoyi shida suka sallama kafin ya zo mana, shi ne ya gudu yadi 220 ya ci tacdawun huɗu a kan Green Bay a Janairun 2020, ranar da Jimmy Garoppolo sau takwas kacal ya jefa ƙwallo muka wuce Super Bowl. A wasan ma Tevin Coleman ya goce kafaɗa ne aka bar wa Mostert fili. A 2021 Mostert ya ji ciwon gwiwa a wasan farko a Detroit, Mitchell na zagaye na shida ya karɓa ya yi yadi 963. Abin dariya ma, waɗanda aka kashe wa zaɓe mai tsada su ne ba su yi komai ba: Joe Williams na zagaye na huɗu a 2017 bai taɓa buga mana wasan kaka ba, Trey Sermon da Tyrion Davis-Price na zagaye na uku duk sun wuce ba a ji ɗuriyarsu ba. Wannan ma'aikatar ta fi iya tsintuwa da saye.

To na yarda, yadi ana iya maye gurbinsa. Sai dai rabin aikin ke nan, kuma rabin da ake gani a allon ƙididdiga. Ɗaya rabin yana faruwa ne lokacin da ba a ba mai gudu ƙwallo ba sam.

Yunƙuri huɗu ake ba ƙungiya ta ci yadi goma, in ta kasa ta rasa ƙwallo. Ɗauki yunƙuri na uku, saura yadi takwas, kowa a filin ya san jifa za a yi. Ɗan tsakiyar layi ya sunkuya kan ƙwallo, ya ɗaga hannu ya nuna wani ɗan tsaro, ya kira lambarsa. Wannan nunin shi ke raba aiki: mu biyar mun ɗauki waɗannan, duk wanda ya rage naka ne. Mai gudu yana tsaye gefen kwatabak, yana ƙirga riguna. 'Yan tsaro shida sun matso bakin layi, biyu sun tsaya daidai kafaɗun ɗan tsakiya kamar za su faɗo. Ana ɗaga ƙwallo ɗaya ya ja da baya, ɗayan ya taho, wani na uku kuma da ba a zata ba ya ɓullo ta gefe. Cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba mai gudu zai duba ciki tukuna, sannan waje, ya gane wanda babu mai tare shi, ya taka gaba ya tare shi da ƙirji, gwiwa a lanƙwashe, kai a sama. Mutumin nan da ke tahowa ya fi shi nauyi, kuma ya taho da gudu tun daga nesa. In ya tsaya jiransa a inda yake, za a tura shi ne har cinyar kwatabak. In ya dubi gefen da ba shi ba, kwatabak zai sha duka ta inda bai gani ba, ƙwallo ta suɓuce, wani lokaci ma a fitar da shi a kan keken marasa lafiya. Babu wata lamba da ake rubuta wa mai gudu in ya yi wannan daidai. Amma kociyoyi shi suke fara dubawa a faifan wasa ranar Litinin, kuma shi ne dalilin da ya sa za ka ga yaro mai gudu kamar barewa yana zaune a benci magoya baya na ta zagin koci. Yaron bai iya tare farmaki ba ne. A jami'a ba a cika neman wannan a wurinsa ba.

Sai abu na biyu, wanda McCaffrey ya fi kowa. Yana iya fita ya tsaya can gefe kamar mai karɓar jifa, ya bi layin da aka zana masa ya kama ƙwallo kamar ɗaya daga cikinsu. A 2019, yana Carolina, ya gudu yadi 1,387 ya kuma karɓi jifa na yadi 1,005, mutum na uku a tarihi da ya haɗa dubu da dubu bayan Roger Craig da Marshall Faulk. In yana fili, 'yan tsaro ba su san abin da ke tafe ba, domin mutanen da suka fito don gudu su ne dai za su iya watsewa su yi jifa. Da zarar an raba aikinsa tsakanin mutum biyu, wannan na gudu wancan na jifa, to mai shigowa fili ya riga ya tona asirin abin da za a yi. Mason ya ba mu yadin McCaffrey a Satumba, amma bai ba mu wannan ba, kuma an ga bambancin a kusa da layin ci, inda fili ke matsewa ƙungiyar ta riƙa komawa bugun ƙafa na maki uku maimakon tacdawun.

Me zai hana a tara ƙwararru uku a huta? Lissafi ne ke hanawa. Mutum 53 ake riƙewa, 48 ne mafi yawa ke sa riga ranar wasa, kuma a ciki akwai gurabe sama da ashirin da kowanne ke neman madadi. Yawancin ƙungiyoyi masu gudu uku ko huɗu suke ajiyewa, kuma na uku da na huɗu dole su ci abincinsu a rukunin bugun ƙafa, su ruga su tare mai dawo da ƙwallo, inda nan ma ake jin ciwo. Tsohon tauraro ba zai yarda da wannan aikin ba. Ga kuma rufin albashi, wato iyakar kuɗin da aka yarda a kashe kan 'yan wasa, wanda a 2024 ya kasance dala miliyan 255.4 ga kowace ƙungiya. Duk dalar da ka ba mai gudu na biyu ka hana wani ne a layin gaba. Masu ƙungiyoyi sun ga abin da ya faru da Todd Gurley, wanda Rams suka ba babban kwantiragi a 2018, gwiwa ta fara ba shi matsala a ƙarshen kakar, suka ɗauko C.J. Anderson da ke zaune ba ƙungiya a Disamba ya gudu yadi 167 a wasansa na farko, kuma a Maris 2020 suka sallami Gurley. Daga irin wannan ne farashin gurbin ya faɗi, har a Yulin 2023 manyan masu gudu suka yi taro ta Zoom suna kukan cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wata biyu bayan taron gwiwar Nick Chubb ta lalace a Pittsburgh a gaban idon kowa, kowane ɓangare kuma ya ce ga hujjarsa nan. Saquon Barkley ya ɗan dawo musu da martaba da yadi 2,005 da kofin Super Bowl a Philadelphia a kakar 2024.

Akwai kuma shekarar da babu shirin da zai cece ka. Baltimore sun shiga 2021 da J.K. Dobbins, Gus Edwards da Justice Hill. Dobbins ya tsinke jijiyar gwiwa a wasan share fage na ƙarshe a Washington, ranar 28 ga Agusta. Kwanaki kaɗan agarar Hill ta tsinke a atisaye. Ranar 9 ga Satumba Edwards ya tsinke tasa gwiwar, shi ma a atisaye, a ranar da mai tsaron baya Marcus Peters ya yi irin wannan raunin. Ƙasa da mako biyu, ɗakin masu gudu ya zama wayam, ba a buga wasa ko ɗaya ba. Suka bazama kasuwa suka kwaso Latavius Murray, Devonta Freeman da Le'Veon Bell, manyan sunaye da ƙafafu suka riga suka gaji. Irin wannan ba na ɗora wa kowa laifi.

Inda nake ɗora laifi shi ne kan yadda ake amfani da na farko alhali yana da lafiya. A 2019 McCaffrey ya taɓa ƙwallo sau 403, gudu da karɓa. A 2020 wasa uku ya buga, a 2021 bakwai. A 2023 ya taɓa sau 339 kafin a ƙara wasanni uku na zagayen ƙarshe, a 2024 wasa huɗu. Larry Johnson na Kansas City ya kafa tarihi da gudu 416 a 2006, shekara ta gaba ya tsaya a wasa takwas. Derrick Henry ya ɗauka sau 378 a 2020, a 2021 ƙashin ƙafarsa ya karye bayan wasa takwas. Ban ce wannan doka ce ba, rauni yana zuwa wa wanda aka lallaɓa ma, kuma Henryn nan ya dawo ya yi yadi 1,921 a Baltimore yana ɗan shekara 30. Amma jiki magayi ne. Na kuma fahimci kocin: in wasa ya yi zafi a kwata na huɗu, ga mafi iyawa a duniya yana tsaye kusa da kai yana cewa lafiyarsa ƙalau, wane ne zai ce masa zauna? Koci da sakamakon Lahadin nan ake auna shi, ba da na Disamba ba. Shi kansa McCaffrey ba mai son fita ba ne.

Duk da haka Detroit sun nuna ana iyawa. Sun ɗauko David Montgomery a 2023, suka kuma kashe zaɓe na 12 a kan Jahmyr Gibbs, mutane na ta yi musu dariya. Suka raba aikin tun daga farko, wannan ya yi zubi ɗaya wancan ya yi na gaba, dukansu suna gudu, dukansu suna tsayawa a yunƙurin jifa. Da gwiwar Montgomery ta samu matsala a Disambar 2024, babu wanda aka tasa daga barci. Gibbs ya ɗauki kayan duka, ya ci tacdawun huɗu a kan Minnesota a wasan ƙarshe, suka gama da nasara 15. Abin da nake kira madadi ke nan: mutumin da ya riga ya sha dukan farmaki a Satumba, lokacin da kuskurensa ba zai kashe kaka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa yawan sunaye a jeri ba ya burge ni. Abin da nake ƙirgawa shi ne sau nawa aka bar na biyu a fili a kwata na biyu da na uku, wasa yana kunnen doki, musamman a yunƙuri na uku.

A Maris 2025 49ers suka sayar da Mason ga Minnesota, suka karɓi zaɓen zagaye na shida da ɗan musayar matsayi a wani zagayen. Dalilin kuɗi ne, kwantiraginsa na araha ya ƙare, kuma na gane lissafin. Sai ga shi a ƙarshen Agusta, bayan raunuka sun sake taɓa ɗakin a lokacin atisaye, sun miƙa wa Washington zaɓen zagaye na shida sun karɓo Brian Robinson Jr. Robinson ɗan wasa ne mai ƙarfi, ba ni da ƙorafi a kansa. Amma kusan farashi ɗaya aka sayar aka kuma saya, sai dai wanda aka sayar ya shekara uku yana koyon kiran layin gaba na Shanahan, wanda aka sayo kuma mako biyu aka ba shi kafin wasan farko. Da ni ke da wuƙa da nama, da na biya Mason na rage a wani wurin.